Garin Kayan Miya a Ƙasar Riruwai: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Maganar da aka kawo gabansu yau ta kayan miya ce, watau yadda ake shanya kuɓewa da tumatir da barkono da ganyaye, a daka su, a mai da su gari, a ajiye don ranar da babu ɗanye. Mai yiwuwa ne wani ya ce wannan ai sha'anin mata ne, ina ruwan hakimi da tukunyar miya? Gaskiya ne mata ke yanka, su ke daka, kuma ba wanda zai koya musu haɗin yaji. Amma filin da ake shanya, da injin da ake niƙa, da kasuwar da ake sayarwa, duk a hannun hukuma suke. A wuraren nan uku ne kuwa garin miya yake gyaruwa, ko ya ɓaci har ya cuci wanda ya ci.

Ƙasar Riruwai ba kamar sauran ƙasar Kano take ba. Tana can ƙarshen kudu, inda Jihar Kano ta yi iyaka da Kaduna da Bauchi, cikin duwatsu da ƙoramu, sai an ratsa dajin Falgore kafin a kai gare ta. Ruwan sama ya fi yawa a nan, yakan sauka da wuri, ya kuma daɗe bai ɗauke ba. Wannan alheri ne ga masara da rake da kayan lambu. Amma ga mai shanya wahala ce, domin abin da rana ɗaya za ta busar a Dambatta ko Bichi, a Riruwai sai ya kwana uku yana laushi. Ga kuma nisa da birni. Kwandon tumatir da ya taso daga Doguwa ya bi ta Tudun Wada, kafin ya isa kasuwar 'Yankaba na ƙasa ya riga ya zama ruwa.

A arewa da nan kuma, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji cikin 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure, har tumatir da tattasai suka zama abin da ake lodi mota-mota a Kwanar Gafan. Daga watan Janairu zuwa Maris kaya yakan yi yawa har manomi ya rasa mai saye, wani ya bar shi a gona ya ruɓe don kuɗin kwando da na mota sun fi kuɗin abin da ke ciki. In damina ta kama kuwa, sai a neme shi ido rufe. A 2016 an buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, mutane suka sa rai rarar ta sami mai kwashewa. A cikin shekarar nan ce kuma tsutsar da manoma suka sa wa suna sharon ta auka wa gonaki, ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, ya yi tsadar da ba a saba gani ba. Gidan da ke da kauɗa a tulu, watau busasshen tumatir, shi ne bai ji jiki ƙwarai ba a shekarar. Haka aka sake gani da citta cikin 2023, sa'ad da cuta ta lalata gonakinta a kudancin Kaduna, wajen Kachia da Kafanchan.

Ya kamata a san abin da shanya take yi. Tumatir, in an kasa nauyinsa kashi 100, wajen kashi 94 ruwa ne. Kuɓewa da albasa wajen kashi 90. Ruwan nan shi ne mazaunin ruɓa. In an kore shi, abin da ya cika kwando sai ya koma cikin ƙwarya, mota ba ta farfasa shi, wata da watanni ba ya lalacewa. Amma sai an kore shi duka, kuma da sauri. Rabin bushewa ya fi rashin shanya muni, kamar yadda za a ji nan gaba.

Kuɓewa ita ce ta fi ba mutanen Riruwai wuya, domin tana zuwa cikin Agusta da Satumba, daidai lokacin da hadari ba ya barin rana ta yini. A tsinke ta tana ɗanya shakaf, tun kan ta yi ƙarfi, don wadda ta tsufa garinta ba ya yauƙi, sai ƙaiƙayi. A yanka ta sirara-sirara da sassafe, domin ta sami ranar yini guda cur. Wadda aka yanka da la'asar takan kwana da ruwanta, gari ya waye ta fara baƙi. A baza ta a tabarma bisa rumfa ko gadon kara, inda iska ke ratsawa ta ƙasa, kada a tula ta. In rana ta yi sanyi a kwashe a shigar ɗaki, gama raɓar ƙasar duwatsu takan mayar da aikin yini baya a dare ɗaya. Manomin da ke nufin kuɓewar shanya, in ya jinkirta shukar wani sashe na gonarsa yadda za ta zo da ɗaukewar ruwa, ya hutar da iyalinsa.

Tumatir a zaɓi mai tsoka wanda ya nuna bai fashe ba. Akwai mugun hali da ya yaɗu, na a kai mai kyau kasuwa, a yanka ruɓaɓɓe a shanya. Rana ba ta gyara abin da ya ruɓe, sai dai ta ɓoye shi. Barkono da tattasai da attaruhu ba su da wuya in hunturu ya shigo. Alamar sun bushe ita ce a girgiza a ji 'ya'yan suna ƙara a ciki, a lanƙwasa ya karye, ba ya tanƙwaru ba. Albasa ma ana yanka ta a busar, ganyenta kuma, watau lawashi, a kirɓa a dunƙula a shanya ya zama gabu, wanda tsofaffi suka sani tun kafin kowane irin sinadarin kanti.

Ganye kuwa hukuncinsa daban ne. Kuka da zogale da rama da lalo ba sa son rana tsaka. A cikin ganyen akwai abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai tsare ido daga dundumi, mai ƙarfafa yaro ga ƙyanda da gudawa, zafin rana kuwa yana cinye shi. Ana ganewa da ido: kukar da aka busar a inuwa, inda iska ke kaɗawa, garinta kore ne shar, wadda ta sha rana kuwa sai ta yi fari-fari kamar toka. Masu saye a kasuwa sun daɗe suna fifita koriyar, tun ba a san dalilin likita ba.

Wani abin lura a nan, kuka da kuɓewa da ɗorawa 'yan asalin Afirka ne, amma barkono da tattasai da tumatir baƙi ne. Daga Amurka aka fito da su bayan 1492, suka bi jiragen ruwa da ayarin fatake har suka iso ƙasar Hausa. Yajin kakanni na farko masoro ne da kimba da citta mai 'ya'ya. Yau ga shi ba mai iya tuna miya ba barkono.

To, a komo ga maganar rabin bushewa. In kaya ya shiga buhu ko tulu da sauran damshi, sai fumfuna ta kama shi. Wata fumfunar ɓata ɗanɗano kawai take yi. Amma akwai wata iri, mai launin kore-kore da rawaya, wadda take haifar da guba da likitoci ke kira aflatoksin. A 1960 aka fara gane ta, sa'ad da 'ya'yan talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Brazil. Bincike ya nuna ba tsuntsaye kaɗai take kashewa ba. In mutum ya ci da yawa a lokaci guda hantarsa takan lalace nan da nan, kamar yadda ya faru a Kenya cikin 2004, inda mutum 125 suka rasu saboda masarar da aka adana da damshi. In kuwa kaɗan-kaɗan yake ci shekara da shekaru, tana jawo sankarar hanta, balle ga wanda dama yake ɗauke da ciwon hanta. A ƙasashen Benin da Togo an auna yara ƙanana, aka tarar waɗanda gubar ta fi yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa.

Gyaɗa da masara su ne gidanta, amma busasshen barkono ma tana kama shi ƙwarai. Ga shi kuwa yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, watau an tara biyu wuri guda. Abin da ya wajaba hakimi ya sa a faɗa wa jama'a, a kuma maimaita, shi ne wuta ba ta kashe gubar nan. Tafasa ba ta kore ta, suya ba ta kore ta, wanki da sake shanya ba sa kore ta. Maganinta tsincewa. Duk barkonon da cikinsa ya yi baƙi ko ya yi gari-gari, da kauɗar da ta yi furfura, da gyaɗar da ta yanƙwane ta yi ɗaci, a fitar da su tun kafin daka, a binne ko a ƙone. Kada a ba kaji, kada a ba saniyar tatsa, domin gubar tana fita a nono. In an riga an niƙa, ba mai iya rarrabewa kuma. Shi ya sa 'yan kasuwa marasa tsoron Allah suka fi son niƙa marar kyau, su sayar da mai kyau ɗungum.

Haɗari na biyu na ƙasar Riruwai ne musamman. Garin nan da kuza aka san shi. Tun kafin zuwan Turawa maƙeransa ke narka ta, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai Kano da nesa da Kano, kuma sawun sandunan nan Turawan kamfani suka bi a farkon ƙarni na 20 har suka gano arzikin duwatsun Jos. Da kasuwar kuza ta faɗi a duniya cikin 1985 aikin manyan kamfanoni ya durƙushe, haƙa ta koma hannun ɗaiɗaikun mutane, masu diga da shebur da kwanon wanki. Dutsen da ake haƙowa ba kuza ce zalla ba. Akwai tutiya a ciki, akwai dalma a wani wurin, ido kuwa ba ya rarrabe ƙurarsu da ƙurar ƙasa.

Abin da ya faru a Zamfara cikin 2010 ya isa ishara. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, mutane suka riƙa kai dutsen zinariya cikin gidajensu. Mata suna daka shi a turmi, maza suna niƙa shi a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ashe dutsen cike yake da dalma. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara lura yara suna ta mutuwa da jijjiga, ana tsammani zazzaɓi ne ko sanƙarau. Kafin a shawo kan abin yara fiye da 400 sun rasu, dubbai kuma aka yi musu magani, wasunsu ƙwaƙwalwa ta taɓu har abada. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja. Ba a ce dutsen Riruwai daidai yake da na Bagega ba. Amma hanyar da gubar ta bi ta shiga cikin yaran nan, watau turmi da taɓarya da inji da tabarmar shanya, ita ce hanyar da garin miya ke bi kowace rana. Gari kuwa ba a wanke shi. Abin da ya shiga ya shiga ke nan, har cikin yajin jego da ake ba mace tana shayarwa.

Saboda haka turmin da ya taɓa dakan dutse ya haramta ga abinci, ko an wanke shi, gama ƙurar tana shiga tsagar itacen. Haka rariya, haka buhu, haka injin. Kada a shanya kayan miya kusa da wurin fasa dutse ko wurin wankinsa, ko a kan tsohuwar ƙasar da aka tono daga rami, ko da ta yi fili mai kyau. Mai haƙa in ya tashi aiki ya wanke jikinsa, ya sāke tufafi kafin ya shiga gida. Wannan ba abu ne da mace za ta iya tilasta wa mijinta ko mai inji ba. Sai dagaci, sai hakimi.

Ko injin da bai taɓa ganin dutse ba yana bukatar lura. Wanda aka gama markaɗe da shi yanzu, in aka zuba busasshen kaya, damshinsa ya shiga garin. Sababbin faranti kuma sukan ci juna, ɓarɓashin ƙarfe ya zubo. Mai inji na kirki yakan fara wuce dusa ya zubar, sa'an nan ya karɓi kayan mutane. In an ja maganaɗisu cikin garin aka ga ya fito da baƙin gashi-gashi, farantin ya isa gyara.

Shanya a gefen kwalta, wadda kowa ke gani a hanyar Kano zuwa Zariya da ta Jos, ba sai an tsawaita ba. Ƙurar mota, da hayaƙi, da akuya, da kaza, duk suna da rabo a ciki, daga baya a share da tsintsiya har da tsakuwa. Abin da ke kai mutane can rashin wuri ne, ba son ƙazanta ba. Garin da aka keɓe wa fili aka kewaye da zana, aka kafa gadajen kara, da wuya a ga mutanensa a bakin titi.

Game da haɗi, kowane gida da hannunsa, ba kuwa za a sa doka a kai ba. Yaji dai barkono ne da citta da masoro da kanumfari da kimba da tafarnuwa, wani ya ƙara daddawa. Garin miya kuwa akan daka kauɗa da tattasai da busasshiyar albasa wuri guda, a tankaɗe. Abin da aka jarraba aka ga amfaninsa shi ne a adana kaya ɗungum, a riƙa dakan na wata guda, domin ƙamshi yana gudu da zarar an fasa. A zuba a kwalba ko gwangwani mai murfi, busasshe, nesa da murhu, kada a ɗiba da cokali mai ruwa ko a riƙe kwalbar bisa tururin tukunya. Gishiri a bar shi daban har lokacin girki, don yana jawo damshi, a kuma sayi mai sinadarin aidin, wanda Gwamnatin Nijeriya ta wajabta tun 1993 saboda maƙoƙo. Maganin ƙwari irin piya-piya kuwa kada ya kusanci abin da za a ci. Saboda irinsa ne ƙasashen Turai suka hana shigar da waken Nijeriya cikin 2015.

Ba a nufin a yaƙi dunƙulen kanti. Maggi, wanda aka fara dunƙulawa a Turai cikin 1908, ya shiga kowace tukunya, ba kuwa zai fita ba. Sai dai a sani wajen rabinsa gishiri ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya, saboda hawan jini. Ɗanɗanon da ake nema a cikinsa, da a farin magi, yana nan cikin daddawa da kauɗa, Allah ya halitta shi a ciki. Matar da ke da daddawar kalwa mai kyau, ko daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa, takan rage dunƙule biyu zuwa ɗaya, miyarta ba ta ragu da kome ba, kuɗin kuma ya zauna a garin.

Amma daddawa sai da ɗorawa, miyar kuka sai da kuka. Masu gawayi da masu faɗaɗa gona sun tasar wa ɗorawa a kudancin Kano, ita kuwa tana shekaru da yawa kafin ta fara 'ya'ya. A al'ada ba a sare ta sai da iznin mai gari. Ya kamata a raya wannan al'ada, a kuma hana masu sassabe kuka su yi mata aski tas har ta kasa tofo.

Saura kasuwa. In gari ya yi daraja, algus yakan biyo baya: dusa a cikin yaji, jar ƙasa ko rini a cikin barkono, ganyen da ba kuka ba a cikin kuka. Kada a ɗauki rini abin wasa. A 2005 an janye kayan abinci fiye da iri 400 daga kantunan Ingila, don an tarar da wani jan rini na masana'anta a garin barkonon da aka sa musu, rinin da ake tuhuma da jawo sankara. In an zuba garin barkono a kofin ruwa aka ga ja ya tsinke nan take kamar alli, ko yashi ya kwanta a ƙasa, sarkin kasuwa ya tsare kayan ya kai maganar gaba. Wanda kuma ya ƙuduri ƙulla gari a leda da suna ya kai birni, ya sani sai da rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Ga mata 'yan ƙungiya wannan ya fi sauƙi in sun haɗu da su yi ɗaiɗai.

Aikin da ake roƙon malaman hakimai kaɗan ne, amma sai an yi shi kafin ruwa ya ɗauke. Kowane malami ya buɗe shafi a littafinsa, ya bi dagatai ɗaya-ɗaya, daga Riruwai zuwa Zainabi da Dadin Kowa da Falgore, haka kuma a gundumomin Tudun Wada da Kiru da Bebeji. Ya rubuta injinan niƙa nawa ne a kowane gari, wanne ne ya taɓa niƙan dutse, ina ake shanya, kuma tazarar wurin da ramin haƙa ko bakin titi nawa ce. Injin da aka tabbatar na dutse ne a shafa masa jan fenti, mai shela ya sanar ran kasuwa. Inda ba filin shanya, dagaci ya nuna wuri, a kafa gadajen tun cikin Satumba, kara da zana ba su da tsada. Maganar tsince mai fumfuna kuwa ba za ta isa cikin gida ta bakin namiji ba, sai a bi ta hannun ungozoma da malaman makarantun mata da ma'aikatan asibitin gari. Duk yaron da aka ga yana jijjiga ko ya daina wasa a unguwar masu haƙa, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita sana'ar gidan. Malamin gona da duba-gari su zagaya tare da malamin hakimi sau ɗaya cikin Oktoba, sau ɗaya cikin Fabrairu lokacin rarar tumatir, rahoton kowace zagaya ya iso ofishin hakimi kafin ƙarshen watan.